Fitilun bakin hanya: wa ke kunna su?

Fitilun bakin hanya iri biyu ne. Akwai masu bin umurnin wuri guda: akwati ɗaya mai agogo shi ke kunna layi duka da magariba, ya kashe da asuba. Na zamani har suna sanar da ma'aikatar magajin gari, ta hanyar rezo, wace fitila ta mutu. Amma ran da akwatin ya lalace, unguwa duka sai duhu.

Akwai kuma masu cin gashin kansu, irin na hasken rana. Kowace da faifanta da batirinta, ita ke gane faɗuwar rana ta kama da kanta. Cikin watan Agusta 2023, da Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, waɗannan ba su ma san an yi ba.

Sai dai ba mai jin kukansu. Ƙurar hunturu ta rufe faifai, batiri ya gaji, fitila ta yi wata da watanni a mace, birni bai sani ba. Saboda haka garin da ya samu irinsu, ya kamata maigari ya sa mutum guda ya riƙa share faifai, yana kai labarin wadda ta mutu.