Harin Da Ba A Kai Ba, Yaƙin Da Aka Yi: Darasi Gare Mu 'Yan Bakin Iyaka

'Yan uwana ɗalibai, wanda duk yake garin nan a watan Agustan 2023 zai tuna irin zaman ɗar-ɗar da aka yi. Sojoji sun kifar da Bazoum a Yamai ranar 26 ga Yuli, ECOWAS ta ba su wa'adin kwana bakwai, Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki, an garƙame iyaka. Wani dare a cikin kwanakin nan aka turo saƙon murya a zaurenmu na WhatsApp, wai an fara musayar wuta a wajen Kwangwalam. Kafin a yi sallar isha'i saƙon ya zaga zaure ya fi biyar. Ni kaina na tura wa mutum biyu. Mahaifiyata, wadda ƙanwarta ke aure a Matamai, ba ta runtsa ba. Da gari ya waye muka kira wani direba da ya kwana a can, ya ce shi ban da kukan jakuna babu abin da ya ji.

Mun yi dariya, amma daga baya abin ya tsaya mini a rai. Mu da muka yarda da saƙon nan ba mu da bindiga. To ya ke nan idan mai bindiga ne ya yarda, ko kuwa ya ga yardar za ta yi masa amfani? Wannan tambayar ce ta kai ni ga labarin Tekun Tonkin, kuma ina ganin ya kamata kowane ɗalibi a Daura ya san shi.

Ranar 2 ga Agustan 1964, ƙananan jiragen ruwan yaƙi uku na Biyetnam ta Arewa suka tunkari wani jirgin ruwan Amurka mai suna Maddox, aka yi harbe-harbe. Wannan ya faru, babu mai musu. Abin da ba a faɗa wa Amurkawa ba a lokacin shi ne, jirgin yana aikin leƙen asiri ne a gaɓar ƙasar, kuma kwana biyu zuwa uku kafin nan dakarun Biyetnam ta Kudu, da goyon bayan Amurka, sun kai farmaki a wasu tsibirai na Arewa a yankin. Ka ga ashe ruwa bai yi tsami banza ba.

Sai daren 4 ga wata. Maddox da wani jirgin, Turner Joy, suka ba da rahoton cewa an sake kawo musu hari. Dare ne mai duhu da hadari, teku na tumbatsa. Suka yi sa'o'i suna ɓarin wuta kan abin da na'urorinsu suka nuna musu. Bayan ƙura ta lafa, kwamandansu Kyaftin John Herrick ya aika saƙo cewa shi fa yana shakka: yanayin sama ya rikita na'urar rada, masu sauraren motsin ƙarƙashin ruwa sun yi zumuɗi, kuma ya ba da shawarar a bincika sosai kafin a ɗauki wani mataki. Wani matuƙin jirgin sama, James Stockdale, wanda ya yi shawagi a kan wurin a daren, ya bayyana daga baya cewa bai ga jirgin abokan gaba ko ɗaya ba.

Ba a jira ba. A daren nan Shugaba Lyndon Johnson ya fito a talabijin ya sanar da ramuwar gayya, jiragen sama suka yi wa Biyetnam ta Arewa ruwan bama-bamai. Ranar 7 ga wata majalisa ta ba shi izinin amfani da ƙarfin soja yadda ya ga dama. A majalisar wakilai 416 suka amince, babu ko ɗaya da ya ƙi. A ta dattawa 88 suka amince, mutum biyu kacal suka ce a'a: Wayne Morse da Ernest Gruening. Kada mu manta zaɓe na tafe a watan Nuwamba, kuma Johnson ba ya son a ce masa rago. Faɗuwa ta zo daidai da zama.

Zuwa 1968 sojojin Amurka a Biyetnam sun haura dubu ɗari biyar. Fiye da 58,000 daga cikin waɗanda aka tura ba su koma gida da rai ba, mutanen Biyetnam kuwa miliyoyi suka mutu. A 1995 Robert McNamara, sakataren tsaron Amurka na wancan lokaci, ya je Hanoi ya tambayi Janar Giap abin da ya faru a daren 4 ga Agusta, Giap ya ce masa babu abin da ya faru. A 2005 hukumar tatsar bayanan sirri ta Amurka, NSA, ta saki binciken masanin tarihinta Robert Hanyok, wanda ya nuna ba a kai harin ba, kuma an karkatar da bayanan da aka miƙa wa shugabanni. Ramin ƙarya ƙurarre ne, gaskiya ne. Amma wannan ramin shekara arba'in da ɗaya aka yi kafin a kai ƙarshensa, kuma waɗanda aka binne ba su tashi ba.

Wani zai ce, malam, mu da ko kogin kirki ba mu da shi, ina ruwanmu da rigimar teku? To mu dawo gida. A watan Oktoban 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe jami'in Ingila Kyaftin Moloney, ya gudu Kano, Sarki Alu ya karɓe shi. Gwamna Lugga ya riƙe wannan a matsayin hujja, ya ƙara da cewa Kano na shirin auka wa sojojinsa da ke Zariya. Da rundunar Kanar Morland ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903, Sarkin ma ba ya gari, ya tafi Sakkwato gaisuwar sabon Sarkin Musulmi Attahiru. Haka ita ma Sakkwato, an kafa hujja da wata wasiƙa da aka ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko yana shelar cewa babu komai tsakaninsa da Turawa sai yaƙi, wasiƙar da masana irin su D.J.M. Muffett suka yi shakkar ingancinta. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris, Attahiru ya kwanta dama a Burmi a watan Yulin shekarar.

Ku lura da kamannin. An kashe Moloney da gaske, kamar yadda aka harbi Maddox da gaske ranar 2 ga wata. Mai neman yaƙi ba ya ƙaga labari daga sama. Yakan ɗauki gaskiya ɗaya ƙarama ya ɗora mata kayan da ba nata ba. Tun 1 ga Janairun 1900 Ingila ta yi shelar cewa Arewa tata ce, tun ba ta taka Kano ba. Ke nan an riga an yanke shawara, dalili kawai ake jira. Kuma daga wannan zamanin ne muka gaji layin da ya ratsa tsohuwar ƙasar Daura, ya bar wa a Najeriya, ƙane a Nijar.

Ra'ayina ke nan a taƙaice: duk labarin da ya zo da dare, ya zo daga bakin wanda zai amfana da shi, kuma aka ce babu lokacin bincike, wannan labarin shi ya fi kowanne buƙatar bincike. Mu ɗaliban kimiyya da fasaha ya kamata mu fi kowa gane wannan. A ɗakin gwaji, wane malami ne zai karɓi awon da ka yi sau ɗaya? Sai ka maimaita, ka duba ko na'urar na kan saiti, ka rubuta iyakar kuskurenta. Idan ba a yarda da awo ɗaya a kan guntuwar waya ba, don me za a yarda da shi a kan rayukan mutane?

Na san akwai masu cewa irin wannan tunani na sanyaya gwiwa, wai ƙasar da ke jinkiri maƙiya za su raina ta. Ban raina wannan magana ba. Mu a Jihar Katsina mun san harin gaske, mun san ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa, kuma sojan da aka buɗe wa wuta ba ya jiran kwamiti kafin ya kare kansa. Amma kare kai a wurin da aka kawo maka hari daban, buɗe yaƙi da wata ƙasa daban. Na farko na daƙiƙa ne, na biyu yana iya cin shekara goma. Herrick bai ce kada a rama ba, cewa ya yi a duba tukuna. Da an jira fitowar rana, me Amurka za ta rasa?

Kuma kada a ɗauka ina wanke masu juyin mulki ne. Wannan cuta ba ta san gefe ba. A Disambar 2024 Janar Tiani ya fito da harshen Hausa ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa don dagula Nijar, Nuhu Ribadu ya fito ya musanta. Wasunmu nan take suka rungumi na farko, wasu na biyu, kowa gwargwadon wanda yake so tun da can. Mutum nawa ne a cikinmu suka ce a kawo hujja?

Abin da ya faru a 2023 ya nuna tambaya tana da amfani. Ranar 5 ga Agusta Majalisar Dattawan Najeriya ta ƙi goyon bayan tura soja, ta ce a bi hanyar sulhu. Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar sun je Yamai, malamai ma sun je. Ba a harba harsashi ba. Duk da haka mun ɗanɗana kuɗarmu: iyaka ta zauna a rufe har Maris na 2024, kasuwar Mai'adua ta ji a jikinta, manyan motoci suka yi jerin gwano kaya na lalacewa. Wannan fa takunkumi ne kawai. Da yaƙi aka yi, ba Abuja ba ce bakin daga. Baure ce, Zango ce, Mai'adua ce, hanyar da muke bi mu zo makaranta ce. Kuma waɗanda za a sa wa kaki a tura gaba sa'o'inmu ne.

Saboda haka ina roƙon abu biyu. Na farko ga kowannenmu: kafin ka danna turawa, tambayi kanka, wa ya gani da idonsa? Wa zai ci riba idan na yarda? Me za a rasa idan na jira zuwa safe? Gani ya kori ji. Na biyu ga shugabannin ƙungiyarmu: a shirya mana muhawara a kan wannan batu a zangon nan, a gayyato malaman tarihi da 'yan jarida, a kuma nemi masu kula da zaurukan ajujuwa su riƙa cire duk saƙon tsaro da ba a san tushensa ba.

A majalisar dattawan Amurka mutum biyu ne suka tsaya suka ƙi bin yarima a sha kiɗa, kuma ranar an yi musu kallon marasa kishin ƙasa. A zaurenmu, a daren nan na Agusta, ko mutum ɗaya bai tambaya ba, har da ni. Idan irin saƙon ya sake zuwa, ina fatan a samu ko da biyu. Allah ya zaunar da mu lafiya, mu da maƙwabtanmu.