GADON TURKIYYA DA KUƊIN GONAR GĀDO: KIRA GA IYAYEN AMARE

  

Ya 'yan'uwa Musulmi, a kakar da ta wuce na halarci wani ɗaurin aure a wani ƙauye da ke ƙasar Dawakin Tofa. Da aka zo yin jere, sai gadon amarya ya ƙi shiga ɗaki, har sai da aka kira magini ya rushe bakin ƙofa. Gado ne irin wanda ake kira ɗan Turkiyya, an sassaƙa masa ganyaye da furanni, ga ɗawisu biyu a allon kansa, ƙafafun kujerun kuwa dagin zaki ne. Aka kuma rataye wata fitila mai rassa kamar bishiya, alhali kuwa ƙauyen yakan yi kwanaki bai ga wutar lantarki ba. Daga baya na sami labarin cewa gonar da uban amarya ya gada ita aka sayar aka yi wannan hidima. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!

Duk wanda ya san yankin nan, daga Dawanau zuwa Tumfafi har Ganduje, ya san cewa gona a jikin gona take, babu sauran daji da mutum zai sara ya yi sabuwa. Wanda ya sayar da tasa ya sayar ke nan har abada. To, wane irin ciniki ne wannan, a ba da ƙasar da ke fitar da gero da dawa da gyaɗa kowace damina, a karɓo katakon da gara za ta cinye, wanda kafin shekara uku an ce yayinsa ya wuce? Hatsin da ake saukewa a kasuwar Dawanau yana ciyar da mutane har Jamhuriyar Nijar da Chadi, amma ga manomin da ya noma shi ya koma ɗan ƙodago saboda kujera.

Masu sayar da waɗannan kaya suna tallarsu da cewa wai an ɗauko fasalinsu daga halittun Allah da al'adun duniya: wannan fitilar ta Maroko ce, wancan teburin na Italiya, labulen na Dubai. Abin tambaya shi ne, ina aka samo icen? Madobiyar da ke dazuzzukan Taraba an yi ta sare ta ana loda wa jiragen ruwa zuwa ƙasar Sin domin yin kujerun alfarma, har ta kai a shekarar 2016 ƙasashen duniya suka sanya ta cikin itatuwan da aka ƙayyade cinikinsu don gudun kada ta ƙare. A kashe bishiya mai rai, a zana hotonta a jikin gado, sannan a ce son halitta ake yi! Wanda yake son halittar Allah da gaske, ga gawo da ɗorawa da kuka nan a gonarsa, sai ya kiyaye su.

Wani zai ce: ashe ado haramun ne? Ba haramun ba ne. A cikin Suratul A'arafi Allah ya yi inkari ga mai haramta adon da ya fitar wa bayinsa. Sai dai ayar da ke gabanta, wato ta 31, ita ce ta hana israfi. A Suratul Isra'i kuwa, aya ta 27, an danganta masu almubazzaranci da shaiɗanu. Mawadacin da ya sayi kujera mai kyau da halaliyarsa, bayan ya fitar da zakka, ba da shi muke ba. Muna magana ne da wanda ya ci bashi ko ya sayar da abin da iyalinsa suke ci, ba don buƙata ba, sai don kada 'yan ganin ɗaki su yi da shi. Wannan tsoron mutane ne da neman yabonsu, kuma mun san sunan da shari'a ta ba shi.

Mu dubi gidan mafificin halitta. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Sayyidina Umar (R.A.) ya shiga wurin Manzon Allah (S.A.W.), ya ga shaidar tabarma a jikinsa, har ya yi kuka. Nana A'isha (R.A.) ta ba da labarin cewa gidajensu a wancan lokaci babu fitilu a cikinsu. Ta taɓa rataya labule mai hotunan abubuwa masu rai, fuskarsa ta canja, sai da aka cire shi. To, ina ga ɗawisun da aka sassaƙa a kan gado? Nana Faɗima (R.A.) kuwa, kayan ɗakinta su ne mayafi da salkar ruwa da matashin kai. Shin 'yar wane ce ta fi ta daraja?

Sannan a fiƙihu ma ba mu da hujja. Malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shaihu Halilu, sun ɗora wa amarya yin kayan ɗaki ne gwargwadon sadakin da ta karɓa, ba fiye da haka ba. Wasu mazhabobin ma a kan miji suka ɗora shi gaba ɗaya. Mu kuwa mun juya al'amarin: sadaki kaɗan, kayan ɗaki ninkin ba ninki, duk a wuyan uba. Sakamakon haka ga 'yan mata nan sun isa aure, ga masu nema, amma an kasa sa rana. A watan Oktoba na 2023 sai da Gwamnatin Jihar Kano ta ɗauki nauyin aurar da mata 1,800, ta saya musu gado da katifa. Wannan taimako ne abin godiya, amma kuma shaida ce a kanmu cewa mun tsananta abin da Allah ya sauƙaƙa.

Kada kuma mu 'yan'uwa mu ɗauka mun tsira. Akwai wanda ya hana kiɗa a bikin 'yarsa, madalla, amma ɗakinta ya fi na kowa almubazzaranci. Sunna ba a bakin ƙofa take tsayawa ba.

Saboda haka muna kira ga limamai su yi huɗuba a kan wannan kafin kaka ta kama. Dagatai da masu unguwanni su zauna da jama'arsu a tsayar da iyaka. Iyayenmu mata su bar zagayen ganin ɗaki don ƙidaya da gori. Angwaye su furta wa surukansu a fili cewa abin da ya sawwaƙa ya isa. Wanda kuma yake da hali, ya sayi gado wurin kafintan garinsu, ragowar ya saya wa 'yarsa akuya, ko keken ɗinki, ko fitila mai aiki da hasken rana wadda 'ya'yanta za su yi karatu da ita.

Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon bin ta.