Kada Mu Tsallake Masu Baiwar Tsara Aiki

Kusan kowace ikkilisiya tana da mutum guda da ake gunaguni a kansa. Shi ne mai zuwa taron dattawa da littafi da biro, mai tambayar rasit ɗin kuɗin kwanon rufi, mai duba agogo in addu'ar buɗewa ta yi tsawo. Sai a ce ba shi da ruhaniya, ran zaɓe kuma a tsallake shi a ɗauki mai daɗin baki.

Ai halin Nehemiya ke nan. Kafin ya gaya wa kowa nufinsa, da dare ya zagaya garun Urushalima ya ga ɓarnar da idonsa. Sa'an nan ya raba aikin kashi-kashi, waɗansu daura da gidajensu, aka gama cikin kwana 52, alhali Sanballat da Tobiya suna ta ba'a da barazana. Ƙaramar ikkilisiya, wadda sau da yawa takardar filinta ce garkuwarta, tana bukatar wanda ya san inda aka ajiye takardar.

Sai dai halin yana da kaifi. A sura 13 Nehemiyan nan ya bugi waɗansu, har ya tsige musu gashi. Masu wannan baiwa sukan ga aiki kafin su ga mutum, gwauruwar da ta kasa biyan kuɗin gini ta zama suna kawai a littafi.

Saboda haka, dattawa, in lokacin zaɓe ya zo, a ba irinsu sakatare, ma'aji ko kwamitin gini, a kuma haɗa kowannensu da dattijo mai sanyin hali wanda ya san gidajen membobi ɗaya-ɗaya.