SHARHI: Jinin Mamaci Da Wuyan Wanda Ake Tuhuma

Duk lokacin da labari ya zo cewa kotun ɗaukaka ƙara ta sallami wani da aka yanke wa hukuncin kisa, abin da ke fara fitowa daga bakin matasa a majalisun Kankiya da Kusada shi ne wai an sayar da jinin mamaci. Wannan fushi ba a banza yake ba, musamman a yankin da 'yan bindiga suka zubar da jinin bayin Allah, kuma da wuya a ga an gurfanar da su gaban alƙali. To amma ya kamata 'yan'uwa su san abin da ake dubawa a can sama, kafin su yanke nasu hukuncin a kan benci.

Galibi kotun ɗaukaka ƙara ba ta sake kiran shaidu. Takardun shari'ar take karantawa, kuma ba ta cika taɓa abin da alƙalin farko ya gaskata ba, tunda shi ya ga shaidun ido da ido. Abin da take nema shi ne ko masu gabatar da ƙara sun tabbatar da cewa lallai mutum ya mutu, aikin wanda ake tuhuma ne ya kashe shi, kuma da niyya ya yi ko yana sane cewa mutuwa za ta biyo baya. Sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya ɗora musu wannan nauyi har sai kokwanto mai ma'ana ya kau, sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 kuma ya ɗauki mutum a matsayin marar laifi har sai an tabbatar, ya ba shi damar lauya da tafinta.

Inda gizo ke saƙa shi ne takardar iƙirari. A ɗauko yaron ƙauye wanda bai san ko bihim da Turanci ba, ya yi bayani da Hausa a ofishin 'yan sanda, wani ya juya, wani ya rubuta da Turanci, a ce ya dangwala. Me ya dangwala wa? Allah kaɗai Ya sani. Shi ya sa Kotun Ƙoli ta sha nanata cewa idan ba a kira tafintan ya ba da shaida ba, takardar ta zama ji-ta-ji-ta. Idan kuma wanda ake tuhuma ya ce da duka aka karɓe ta, wajibi ne a tsayar da shari'ar a fara bincikar wannan. Mai ganin wannan a matsayin wayon lauyoyi ya tuna cewa gobe ƙaninsa ne za a iya kwasowa daga kasuwa a samame.

Kuma kada wani ya ɗauka Nasara ne ya zo da wannan taka-tsantsan. Duk ɗalibin Islamiyya da ya kai babin jini da haddi a Risala ta Ibn Abi Zaid ya san ba a kashe rai saboda rai sai da shaidu adilai, ko iƙirari, ko rantsuwar ƙasama guda 50 bisa sharuɗɗanta. Malaman Malikiyya sun wajabta i'izari, wato alƙali ya tambayi mutum ko yana da sauran hujja kafin ya yanke hukunci. Wasiƙar Sayyidina Umar (RA) ga Abu Musal Ash'ari ma ta umarci alƙali ya koma ga gaskiya idan ya gano kure a hukuncinsa na jiya.

Jihar Katsina tana da darasi a gida. A watan Nuwamban 2001 wata kotun shari'a a Katsina ta yanke wa Sani Yakubu Rodi hukuncin kisa saboda kashe wata mata da 'ya'yanta biyu ƙanana, ta'asar da ta girgiza gari. Ba shi da lauya tun daga farko har ƙarshe. Da farko ya musa, daga baya ya amsa. Bai ɗaukaka ƙara ba, aka rataye shi a kurkukun Kaduna ranar 3 ga Janairun 2002, shi ne na farko da aka zartar wa hukuncin kisa tun da jihohin Arewa suka dawo da dokokin laifi na shari'a a 2000. Ba ana cewa bai aikata ba ne. Magana ita ce cikin wata biyu aka gama da rai, ba tare da wasu alƙalai na sama sun sake auna hujjar ba. A babbar kotun jiha, ko mutum ya ce ya yi kisa, doka ta sa alƙali ya rubuta cewa ya musa, a kawo shaidu. A nan Katsina ɗin ne kuma a 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ta rushe hukuncin jefewa da aka yanke wa Amina Lawal a Bakori, bayan ta gano kurakurai a yadda aka karɓi iƙirarinta da yadda kotun farko ta zauna. Ita ta samu lauyoyi suka tsaya mata.

A nan ne zaluncin yake. Ɗan mai hali yana da lauya tun daga daren da aka kama shi, talaka kuwa sai ya shekara da shekaru a kurkuku yana jiran shari'a, iyayensa sun sayar da gona da awaki, ba su ma san akwai wata kotu a sama ba. Matasan da ke kai ziyara asibitoci da gidajen yari don neman yardar Allah su ƙara da wannan aiki: su sanar da dangin wanda aka yanke wa hukunci a babbar kotu cewa kwana 90 doka ta ba shi ya ɗaukaka ƙara, kuma akwai hukumar gwamnati mai ba marasa ƙarfi lauya kyauta, wadda aka kafa tun 1976. Dangin mamaci su ma a raka su su ba da shaida a kan abin da idonsu ya gani kawai, domin shaidar da aka yi wa ƙari ita ce ke fara karyewa idan takardu suka hau sama.