A Auna Abincin Ƴaƴanmu Da Tiya Ɗaya

Duk wanda ya saba sayen hatsi a kasuwar ƙauye ya san abin da ake fara dubawa kafin ciniki, wato tiyar mai awo. Idan aka ce maka gero ya fi araha a waccan kasuwa, ba za ka ɗaura wa jaki kaya ba sai ka tabbata tiyoyin biyu girmansu ɗaya ne, domin akwai tiya mai bugaggen gindi, akwai wadda ake yi wa tozo, akwai kuma wadda ake shafe bakinta da hannu. Mu malamai ma mun san wannan a aikinmu. Lokacin gyaran takardun BEPC kowane mai gyara yana riƙe da tsarin maki iri ɗaya, in ba haka ba goma bisa ashirin ta yaron Tawa ba za ta zama daidai da ta yaron Damagaram ba.

To, akwai wani awo da ake yi a gidajenmu kowace shekara, wanda yawancinmu ba mu damu da irin tiyarsa ba. Shi ne tambayar da masu bincike suke zuwa da ita: me kuka ci? Daga amsoshinmu ake haɗa alƙaluman da gwamnati da ƙungiyoyin agaji suke dubawa kafin su yanke inda za a kai tallafi, da inda za a buɗe ciyarwa a makaranta, da inda za a ce a dakata tukuna. Ra'ayina shi ne a tsayar da hanya ɗaya ta yin wannan tambaya a ƙasa baki ɗaya, a kuma gina ta a kan tukunyarmu da harshenmu.

Kafin a maido ni makarantar horon malamai, na yi shekaru ina koyarwa a wani ƙauye na jihar Maraɗi. A cikin shekara guda tawaga biyu ta masu bincike suka zo mana. Ta farko ta zo bayan kaka, rumbuna cike, ta zauna da masu gida a ƙofar gida tana tambayar abin da iyali suka ci cikin kwana bakwai. Ta biyu ta zo tsakiyar damina, ta shiga wajen mata tana tambayar abin da ƙaramin yaro ya ci jiya kaɗai. Ni na yi wa ta biyun tafinta, tunda a ajina suka sauka. Da muka tashi neman a sa makarantarmu cikin masu samun abincin rana, sai muka tarar da takardu biyu masu karo da juna: ɗaya ta ce garin yana cikin rufin asiri, ɗaya ta ce yaransa suna cikin haɗari. Wanda zai sa hannu ya ɗauki wadda ta fi masa sauƙi. A wannan shekara na ga yaran da suke kifa kai a kan tebur tun ƙarfe goma sha ɗaya, kuma na san ba lalaci ba ne.

Babu wanda ya yi ƙarya cikin tawagogin nan. Kowace da tiyarta ta zo. Wadda ta tambayi kwana bakwai ta yi aiki da irin ma'aunin da hukumar PAM take amfani da shi, mai duba gida gaba ɗaya, yana ba nama da madara maki 4, wake maki 3, hatsi maki 2, ganye maki 1. Amfaninsa a gane ko gida yana samun abinci. Ba ya faɗin wanda ya ci naman a cikin gidan. Wadda ta tambayi jiya kuwa ta bi ma'aunin OMS da UNICEF na yara ƴan wata 6 zuwa 23, wanda ya kasa abinci gida takwas: nonon uwa, hatsi da rogo da dankali, wake da gyaɗa, madara da abin da ake yi da ita, nama da kifi, ƙwai, ganye da ƴaƴan itace masu bitamin A, sai sauran kayan lambu da ƴaƴan itace. Yaron da ya taɓa biyar cikin takwas a yini ɗaya shi ne ya kai mafi ƙarancin abin da ake so. Mata ƴan shekara 15 zuwa 49 su ma suna da nasu, wanda FAO ta fitar da jagoransa a 2016 ta sabunta a 2021: kashi biyar cikin goma.

Ko ma'auni ɗaya ma yana canzawa. Na yaran nan, a tsarin 2008, kashi huɗu ne cikin bakwai, ba a lissafa nonon uwa. Daga baya aka sa nonon a lissafi, aka koma biyar cikin takwas. Ke nan yaron da aka yaye, wanda ya ci kashi huɗu, ya haye a tsohon lissafi, ya faɗi a sabo, alhali ƙoƙon kununsa bai canza ba. Wanda ya jera alƙaluman da da na yanzu ba tare da sanin wannan ba zai yi shelar ci gaba ko ci baya da ba su faru ba.

Mun ga amfanin daidaita awo a wani fanni. A 2006 OMS ta fitar da ma'aunin girman yara guda ɗaya, bayan an bi yara a ƙasashe shida, har da Gana. Yau uwa a Madarunfa da uwa a Mirya duk sun san igiyar awon damtse: ja ƙasa da santimita 11.5, kore daga 12.5 zuwa sama. Da irin wannan awo ne binciken da INS take yi kan tamowa yake nuna cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na yaranmu ƴan ƙasa da shekara biyar ba su kai tsawon da ya dace da shekarunsu ba. Sai dai igiya da sikeli suna nuna ɓarnar da ta riga ta auku ne. Tambayar abinci ita ce take hango ta tun tana hanya. Shi ya sa a watan Maris na 2025 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ma'aunin kashe-kashen abinci na mata da na ƙananan yara cikin ma'aunan muradun ci gaba mai ɗorewa. Tiyar ta samu. Abin da ya rage shi ne yadda za a riƙe ta a tsakar gidanmu, kuma a nan ne na ga tana zuba ta wurare huɗu.

Na farko, harshe. Takardar tambaya da Faransanci take zuwa, mai tambaya kuma ya fassara nan take yadda ya ga dama. Ya ce wa uwa, "Yaro ya sha nono jiya?" ta ce e. Nonon uwa take nufi, ko na shanu, ko furar da aka ɗiga wa nono ludayi ɗaya aka cika ƙwaryar da ruwa? Wani mai tambayar zai ce "kayan lambu", matar ta ce a'a, tunda ba ta da lambu, alhali jiya da rana kwaɗon tafasa ko na yaɗiya suka ci. Dole a rubuta tambayoyin sau ɗaya da Hausa, da Zabarmanci, da Fulatanci, da Barbarci, da Tamashek, a gwada su a ƙauyuka, sannan kowa ya karanta su kamar yadda suke. A jera abincinmu da sunansa: zogale, rama, lalo, kuka, awara, ƙuli-ƙuli, cuku, goriba, magarya, har anza ta lokacin wuya.

Na biyu, yawa. Ma'aunin mata ya ce abin da bai kai giram 15 ba, wajen cokali babba guda, ba a lissafa shi. Ɗan busasshen kifin da aka daka cikin miyar mutum goma sha biyu ɗanɗano ne, haka ma daddawa. Idan wani mai tambaya ya rubuta shi a matsayin kifi, wani kuma bai rubuta ba, ƙauyuka biyu masu cin miya iri ɗaya za su fito da sakamako daban. Ga kuma fara, wadda ake soyawa ana sayarwa buhu-buhu a Maraɗi da Damagaram. Ba ta cikin kashi goma da ake lissafawa, amma jagoran ya bar layin da za a rubuta irinta a gefe. Mu nemi a riƙa cika wannan layi, domin abin da ba a rubuta ba, babu mai kawo shi teburin shawara.

Na uku, akushi. Mu taro muke ci. Yara biyar a kwano ɗaya, mai saurin hannu ya fi samu, ƙaramin ya tashi da loma uku. Maigida kuma da aka tambaya ko an ci nama a makon nan zai ce e, kuma gaskiya ya faɗa, domin ya ci tsire ranar kasuwa. Saboda haka a tsayar da wanda ake tambaya: abincin yaro a bakin mai ba shi, abincin mace a bakinta, ba a gaban miji ko uwar miji ba. Idan ana son sanin yawan abin da aka ci, a zo da ludayi da ƙoƙo da malmalar tuwo irin namu da aka riga aka auna. FAO ta fitar da kundin sinadaran abincin Afirka ta Yamma a 2012, ta faɗaɗa shi a 2019, amma kundi ba zai gaya maka yawan ruwan da aka ƙara wa fura a watan Agusta ba, sai an zauna kusa da mai damun an auna.

Na huɗu, lokaci. Gidan da ya ci wake da kabewa da gyaɗa a Nuwamba shi ne yake kwana da kunu tsululu a Yuli. Washegarin Layya kowa ya ci nama. Cikin azumi tsarin cin abinci gaba ɗaya yana juyawa. A tsayar da watannin bincike, ɗaya bayan kaka, ɗaya lokacin da rumbu ya kwashe, a kuma rubuta watan a goshin kowane rahoto.

Na san masu cewa tambaya ba ta cika ciki, an daɗe ana rubuta mu ba mu ga komai ba. Suna da hujja, kuma gajiyar mutane da yawan tambayoyi tana cikin dalilan da suka sa nake son a haɗa su wuri ɗaya: tawaga ɗaya da tambaya ɗaya ta fi biyar masu tambaya biyar. Akwai ma gajeriyar takardar tambaya ta e ko a'a, mai kashi 29, wadda aka daidaita da abincin ƙasashe fiye da ɗari, kuma cikin kamar minti biyar ake gama ta. Wasu kuma suna cewa ma'aunin baƙi ne. Mita da kilo ma ba mu muka ƙirƙiro su ba, amma da su tela yake yanka yadi. Abin da zai sa ma'aunin ya zama namu shi ne INS ta riƙe shi, duk ƙungiyar da za ta yi bincike ta bi shi, sakamakon kuma ya dawo garin da aka tambaya, a karanta shi a gaban maigari da kwamitin makaranta.

Akwai giɓin da ya fi damuna a matsayina na malami. Ma'aunan nan sun tsaya kan yaro kafin ya cika shekara biyu, sai kuma mace daga shekara 15. Yaron da ke zaune gabanmu daga CI zuwa CM2 ya faɗa tsakani, ba a cika tambayar abin da ya ci ba. Alhali shi muke dora wa karatu da lissafi, shi ne kuma yake tahowa da safe wani lokaci ko ɗumame bai samu ba. Idan za a daidaita awo, a sa ƴan makaranta a ciki.

Kafin nan, ga abin da nake koya wa ɗalibaina masu shirin zama malamai. A darasin kimiyya, a zana kashe-kashen abinci a allo da sunayen da yara suka sani. Kowane yaro ya tuna abin da ya ci jiya tun daga tashi har kwanciya, ya yi alama a ƴar takarda ba tare da rubuta suna ba, a tattara a ƙirga na aji gaba ɗaya. Kada a tsayar da yaro a ce ya faɗa a gaban ƴan uwansa. Wata yarinya ta taɓa ce mini, "Mushe, mun ci shinkafa da kaza," ni kuwa na san gidansu. A yi haka a Nuwamba, a sake a Mayu, da kalmomi iri ɗaya. Wannan ba alƙaluman hukuma ba ne, ba kuma a yanke wa yaro ɗaya hukunci da shi, amma ya isa a kai gaban taron iyaye a ce ga kashin da ajinmu ba ya samu, me za mu shuka a lambun makaranta?

Ku kuma iyaye, musamman mata, roƙona ɗaya ne. Idan masu tambaya suka zo, kunya takan sa a ƙara, sa ran tallafi yakan sa a rage, kuma dukansu suna lanƙwasa tiyar da za a auna wa ƴaƴanmu da ita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku faɗi abin da aka ci kamar yadda aka ci shi, ku kuma tambaye su: wace hukuma ta aiko ku, kuma yaushe za ku dawo mana da abin da kuka samu? Haƙƙinku ne ku ji amsa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya.