Jigilar Alhazai: A Duba Ma'aikatan Ƙasa Kafin A Zargi Jirgi

Duk shekara idan jigilar alhazai ta kankama, maniyyatan Giyawa, Goronyo, Wurno da Rabah kan baro gida su tare a sansanin alhazai na Sakkwato suna jiran kira. Da an samu jinkiri, kowa kamfanin jirgi yake zargi. Ba kasafai ake tuna masu aiki a ƙasa ba.

Alhali jirgi ba ya tashi sai an kawo matakala, an loda kaya, an zuba mai, an share ciki. Filin jirgin Sultan Abubakar III ya saba da jirage kaɗan a rana, sai ga jirgi mai ɗaukar mutum fiye da 400. Idan injin loda kaya ya lalace, ko waɗanda suka kwana aiki su ne za su wuni, jadawali ya rushe, har a rasa lokacin sauka da aka ware a Jidda ko Madina.

Ko Heathrow ta Landan, ƙarancin ma'aikata ya tilasta mata taƙaita fasinjoji masu tashi zuwa 100,000 a rana a Yulin 2022.

Ya kamata NAHCON da FAAN da Hukumar Alhazan Jihar Sakkwato su ƙidaya ma'aikata, su gwada kowane inji, su tanadi na ko-ta-kwana tun kafin jirgin farko. Manomin da ya sayar da shinkafa da albasa ya biya kujera bai cancanci kwana a tabarma saboda matakala ba.