Ra'ayinmu: A Haɗa Kowa da Sa'ansa a Gasar Ƙwallon Makarantu

Duk lokacin da aka buga gangar gasar ƙwallon ƙafa ta makarantun sakandare, muhawara guda ce take dawowa a ofisoshin malamai daga Tozai zuwa Kalmalo har cikin garin Illela: shin adalci ne makarantun gwamnati su ci gaba da karawa da makarantun kuɗi a zagayen sili-ɗaya-ƙwale? Matsayinmu shi ne a raba su a wannan zagaye, amma bisa ƙa'ida, kuma da sharuɗɗan da za mu zayyana.

Abin da ya faru a shekarar 2021 ya isa misali. A shekarar ce Ma'aikatar Matasa da Wasanni ta Tarayya, a ƙarƙashin minista Sunday Dare, ta farfaɗo da Kofin Shugabannin Makarantu na ƙasa. An buɗe gasar a Legas da karawa tsakanin Kwalejin Igbobi da Kwalejin Gwamnati ta Kaduna, aka rufe ta a filin wasa na Moshood Abiola da ke Abuja, inda makarantar Fosla ta ɗauki kofin. Fosla makaranta ce mai zaman kanta a Karshi, wadda tsohon shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya, Alhaji Sani Lulu Abdullahi, ya kafa domin haɗa karatu da horon tamaula. Ba mu ga laifinta ba, domin ta yi abin da aka kafa ta dominsa, kuma ta cancanci yabo. Tambayarmu ga masu tsara gasa ce.

Makaranta irin wannan tana zaɓo ɗalibanta ne daga garuruwa dabam-dabam saboda ƙafarsu, ta ba su masauki da abinci da koci, su yi atisaye bisa tsari. Makarantar gwamnati ta jeka-ka-dawo kuwa ba ta zaɓe. Duk yaron da ya gama firamare a unguwarta nata ne, mai gudu da marar gudu. Ɗan wasanta da damina yana gona kafin ya ɗauki littafi, da rani yana ban ruwan albasa, ranar Lahadi kuma yana kasuwar Illela yana neman abin sabulu. Filinsa ba katanga, dabbobi da babura suna ratsa shi, ƙwallon da yake bugawa sau da yawa daga aljihun malami ta fito. A haɗa waɗannan biyu a wasa ɗaya, a ce wanda ya faɗi ya tattara ya koma gida, an san sakamako tun kafin alƙali ya hura usur. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Ko a dandalin kokawa na ƙauye, dattawa ba sa barin a haɗa yaro sai da sa'ansa, domin sun san kayen da ya wuce kima yana kashe zuciya.

Mu malaman firamare muna da haƙƙin magana a nan, domin a hannunmu ake fara gane yaro mai baiwa. Idan ya kai aji shida, wata makarantar kuɗi ta ba shi gurbin karatu kyauta, muna taya iyayensa murna da zuciya ɗaya. Sai dai abokansa da ya bari su ne mafi yawa, kuma a cikinsu akwai waɗanda ƙwallo ce kaɗai igiyar da ke riƙe su a aji. Yaron da ya san makarantarsa tana iya kaiwa filin wasa na Giginya a Sakkwato zai jure zuwa makaranta. Wanda ya saba ganin an yi waje da su a wasan farko kowace shekara kuwa, kasuwar kan iyaka da hanyar Ƙonni suna kiransa kullum. A jihar da ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2015 saboda yawan yaran da ba sa zuwa makaranta, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Ba mu kaɗai ne muke fama da wannan tambaya ba. A Amurka an daɗe ana taƙaddama a kanta game da irin tasu ƙwallon. A jihar Texas, kusan dukan makarantu masu zaman kansu suna da tasu gasar dabam. A jihar Tennessee, a 1997 an ware rukuni na musamman ga makarantun da ke ba 'yan wasa tallafin kuɗin karatu. Tsarin na biyu ya fi dacewa da mu, saboda ya dubi yadda makaranta ke samun 'yan wasanta.

Dalili kuwa, ba kowace makarantar kuɗi ce mai kuɗi ba. Da yawa daga cikin waɗanda ke yankinmu gidajen haya ne da ba su da ko tsakar gidan da za a yi fareti, a filayen gwamnati suke aron wuri. Malamansu 'yan'uwanmu ne, wasu daga cikinmu ma 'ya'yansu suna can. Bai dace a jefa irin waɗannan makarantu cikin rukunin manya ba. Haka kuma masu tsoron kada rabuwar ta zama katanga tsakanin ɗan talaka da ɗan mai hali suna da hujja, domin filin ƙwallo na cikin wurare ƙalilan da suka rage inda yaran biyu ke gaisawa.

Saboda haka muke kira ga Ma'aikatar Ilimi ta jiha da masu shirya wasannin makarantu da su duba abubuwa huɗu. Na farko, a bar wasannin rukuni na matakin ƙaramar hukuma a haɗe, kowa ya kara da maƙwabcinsa. Na biyu, idan an kai sili-ɗaya-ƙwale a raba hanya biyu: ta makarantun da ke ɗaukar 'yan unguwa, da ta waɗanda ke zaɓo 'yan wasa daga nesa, ko ta gwamnati ce ko ta kuɗi. Kowace hanya ta fitar da zakaranta da kofinta, sannan zakarun biyu su haɗu a wasan rufe gasa. Na uku, kada wani ɗalibi ya buga wa makaranta wasa sai ya cika shekara guda cikin rajistarta.

Na huɗu shi ne batun shekaru. Idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari, domin ɗauko sojan haya mai gemu a saka masa rigar makaranta cuta ce da ta taɓa kowane ɓangare. Nijeriya ta ci kofin duniya na matasa sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, amma duk da haka tun 2009 hukumar FIFA take gwada ƙashin wuyan hannun 'yan wasa da na'ura don tantance shekaru. Mu ba mu da na'ura, amma muna da rajistar shiga aji ɗaya, kuma tana hannunmu. Duk shugaban makarantar da aka nemi ya sa hannu a takardar shaida, ya tuna amana ce.

Muna kuma jan kunnen hukumomi kada su ɗauki raba gasa a matsayin sallama. Kofi na dabam ba zai katange fili ba, ba zai kawo malamin motsa jiki ba, ba zai biya kuɗin motar kai yara Sakkwato ba. Waɗannan suna nan a wuyan gwamnati, kuma za mu ci gaba da tuni a kansu kamar yadda muke tuni a kan albashi da ƙarin girma. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Muna roƙon wakilan makarantu su kawo ra'ayoyin malamansu a taron reshe mai zuwa, iyaye kuma su tayar da maganar a tarukan ƙungiyar iyaye da malamai, domin takardar da za mu miƙa ta fito da muryar kowa. Allah ya yi mana jagora, ya albarkaci yaranmu.